Yaushe Ake Buƙatar Lauya Wajen Kammala Cinikin Gida a Amurka? Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu shirin sayen gida ko sayar da shi a Amurka, musamman waɗanda wannan ne karonsu na farko. Dokar filaye da gidaje a ƙasar mafi yawanta ta jihohi ce, ba ta gwamnatin tarayya ba, saboda haka amsar da ta yi daidai a wata jiha tana iya zama kuskure a makwabciyarta.

1. Mene ne ake nufi da zaman kammala ciniki?

Shi ne mataki na ƙarshe, inda gida yake fita daga hannun mai sayarwa ya shiga hannun mai saye. A wannan zaman ne mai sayarwa yake sa hannu a takardar miƙa mallaka, mai saye ya sa hannu a takardun lamuni idan banki ne ya ba shi kuɗin, a biya tsohon bashin da ke kan gidan, a ba dillalai la'adarsu, a cire haraji, abin da ya rage a miƙa wa mai sayarwa. Daga nan sai a kai takardar ofishin rajistar filaye na gundumar da gidan yake, domin a shigar da sunan sabon mai shi. Yawanci akan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu tsakanin ranar da aka sa hannu a yarjejeniyar ciniki da ranar wannan zama.

2. Shin doka ta wajabta a sami lauya a wurin?

A wasu jihohi ta wajabta, a mafi yawansu kuwa ba ta wajabta ba. Jihohin da suka tsananta sun fi yawa a gabashin ƙasar, kuma hujjarsu ita ce shirya takardar miƙa mallaka da bayyana wa mutum ma'anarta aikin lauya ne, wanda duk ya yi shi ba da lasisi ba ya saɓa wa doka. Kotun Ƙolin Karolina ta Kudu ta yanke haka tun 1987, ta Delaware ta bi sahu a 2000, ta Jojiya kuma a 2003. A Massachusetts, babbar kotun jihar ta faɗa a 2011 cewa bai isa lauya ya zo ya zauna yana kallon ana sa hannu ba, dole ne ya shiga aikin da gaske. Connecticut kuwa majalisarta ce ta yi doka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2019.

Akwai kuma wuraren da al'ada ta yi ƙarfi har ta zama kamar doka. A birnin New York da kewayensa, lauyan mai sayarwa ne yake rubuta yarjejeniya, lauyan mai saye ya duba ta, kuma da wuya a ga ciniki ya tafi ba tare da su biyun ba. A Chicago da arewacin New Jersey ma al'ada ce kowane ɓangare ya ɗauki lauyansa. Amma kasancewar doka ta ce a sami lauya a zaman ba ya nufin lauyan naka ne. A duba amsa ta 4.

3. To a jihohin da ba a wajabta ba, wa yake gudanar da zaman?

Kamfanin binciken mallaka ko kamfanin riƙon amana. A Kalifoniya, Arizona, Texas da sauran jihohin yamma, wannan kamfani ne yake karɓar kuɗin mai saye da takardun mai sayarwa ya ajiye, ba ya sakin ko ɗaya sai kowane ɓangare ya cika sharuɗɗansa. Sau da yawa ma mai saye da mai sayarwa ba sa haɗuwa. Kowa ya je ranarsa ya sa hannu. Ma'aikacin wannan kamfani ɗan tsakiya ne, kuma doka ta hana shi ba da shawarar shari'a. Zai iya nuna maka inda za ka sa hannu, amma idan ka tambaye shi ko sharaɗin nan zai cutar da kai, ba shi da hurumin amsawa.

4. Bankina ya ce lauya ne zai gudanar da zaman. Ke nan ina da lauya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma a wurinta ne mutane suka fi ruɗewa. A jihohi irin su Jojiya da Massachusetts, idan da lamuni aka sayi gida, lauyan da yake jagorantar zaman yawanci wakilin banki ne, ko da kuwa kuɗin aikinsa daga aljihun mai saye ya fito. Aikinsa shi ne ya tabbatar cewa jinginar banki ta zauna daram a kan gidan, ba wani bashi da ya riga ta. A mafi yawan lokuta buƙatar banki da ta mai saye suna tafiya tare, domin dukansu suna son gida mai tsabtar mallaka. Sai dai akwai inda suke rabuwa.

A ɗauka an zo duba gidan da safiyar ranar zama, sai aka tarar ruwa ya taru a ɗakin ƙasa, ko mai sayarwa ya cire na'urar ɗumama ruwa da aka yi ciniki da ita, ko kuma shingen makwabci ya shigo cikin filin. Banki bai damu sosai da waɗannan ba matuƙar darajar gidan ta rufe bashinsa. Mai saye kuwa yana buƙatar wanda zai ce a dakata, a riƙe wani kaso na kuɗin mai sayarwa a ajiyar amana har sai an gyara, ko a ɗage zaman ba tare da an ce shi ne ya karya alkawari ba. Lauyan banki ba zai yi masa wannan faɗan ba. Shawarata ita ce a tambayi lauyan kai tsaye, tun kafin ranar, wa yake wakilta, kuma a nemi amsar a rubuce. Lauya mai mutunci ba zai ji haushin wannan tambaya ba, domin ƙa'idar aikinsa ma ta ɗora masa ya fayyace.

5. Ina da dillali mai gaskiya da ya san aikinsa. Bai wadatar ba?

Dillali nagari ya san farashi, ya san unguwa, ya iya ciniki, kuma a jihohi da yawa an yarda ya cike guraben takardar yarjejeniya wadda aka riga aka buga. Abin da ba a yarda masa ba shi ne ya ƙirƙiro sabon sharaɗi mai sarƙaƙiya ko ya fassara doka. Arizona ta fita daban, domin masu zaɓe a jihar sun gyara tsarin mulkinta a 1962 suka ba dillalai ikon shirya takardun ciniki. Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye ba: la'adar dillali tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, alhali lauya ana biyansa ko da shawararsa ita ce a fasa. Wannan ba zargi ba ne ga dillalai, yanayin sana'ar ne haka.

6. A wane mataki ya kamata a nemi lauya?

Kafin a sa hannu a yarjejeniyar ciniki, ba ranar kammalawa ba. Tun ran gini, tun ran zane. Duk abin da zai faru a zaman ƙarshe an riga an rubuta shi a yarjejeniyar: ko mai saye zai iya janyewa ya karɓi kuɗin kafin alƙalaminsa idan banki ya hana shi lamuni, ko idan mai duba lafiyar gini ya gano ɓarna a rufi ko a harsashi, wa zai biya wane haraji, me zai faru idan wani ɓangare ya makara. Lauyan da aka kira bayan an sa hannu sai dai ya karanta maka abin da ka riga ka ɗaure kanka da shi.

Wasu jihohi sun buɗe ƙofa ga wanda ya riga ya sa hannu. A New Jersey, yarjejeniyar gidan zama da dillali ya shirya tana ɗauke da wa'adin kwana 3 na aiki, wanda a cikinsa lauyan kowane ɓangare zai iya ƙin amincewa da ita ko ya nemi gyara. Idan wa'adin ya wuce shiru, ta tabbata yadda take. A yankin Chicago, takardar da aka fi amfani da ita tana ba da kwana 5 na aiki. Wa'adin gajere ne, kuma wanda ya fara neman lauya bayan ya sa hannu yakan cinye rabinsa wajen nema.

Massachusetts tana da nata tarkon. A can akan fara da gajeriyar takardar tayi, daga baya a yi cikakkiyar yarjejeniya, kuma mutane da yawa suna ɗaukar ta farkon ba komai ba ce. Babbar kotun jihar ta yanke a 1999 cewa takardar tayi da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu tana iya ɗaure su. A birnin New York da kewayensa kuwa, kafin alƙalami yakan kai kashi 10 cikin 100 na farashin gida, yana zaune a asusun amana na lauyan mai sayarwa, don haka sharaɗin da zai dawo da shi idan ciniki ya lalace ba abin wasa ba ne.

7. Me ake dubawa a binciken mallaka, kuma inshorar mallaka ba ta maye gurbin lauya ba?

Ana bin tarihin gidan a ofishin rajista shekaru da dama baya, a ga ko kowane wanda ya sayar yana da ikon sayarwa, ko akwai tsohuwar jingina da aka biya amma ba a goge ta daga rajista ba, ko harajin gida da ba a biya ba, ko hukuncin kotu da aka ɗora wa mai gidan, ko ɗan kwangilar da ya yi gyara ba a sallame shi ba ya shigar da ƙorafinsa a kan gidan. Ana kuma duba haƙƙin wasu a kan filin, kamar hanyar da makwabci yake bi ko bututun kamfanin ruwa, da ƙa'idojin ƙungiyar masu gidajen unguwar. Irin waɗannan basussuka gida suke bi, ba mutum ba, don haka wanda ya saya ba a share su ba ya gaje su.

Inshorar mallaka iri biyu ce. Ta banki wajibi ce ga mai karɓar lamuni, kuma banki kaɗai take karewa. Ta mai gida zaɓi ce, sau ɗaya ake biyanta a ranar zama, kuma a ganina bai kamata a bar ta ba. Sai dai kafin a ba da ita kamfani yakan aiko da takardar alkawari mai ɗauke da jerin abubuwan da ya cire daga kariya, kuma a cikin wannan jerin ne matsala take kwanciya. Lauya ne zai karanta ya ce wannan na yau da kullum ne, wancan kuwa yana nufin ba za ka iya gina ɗakin da kake so a bayan gida ba. Wata dokar tarayya ta 1974 da ake kira RESPA ta hana mai sayarwa tilasta wa mai saye wani kamfanin inshora idan mai sayen ne zai biya.

8. Wane irin ciniki ne yake buƙatar lauya ko da doka ba ta ce komai ba?

Na farko shi ne gidan gado. Wanda ya zo sayarwa yana iya zama ɗan mamacin da kowa ya sani, amma sai an ga takardar kotun gado da ta naɗa shi, an kuma tabbatar ko wasiyya ko umarnin kotu ya ba shi ikon sayarwa shi kaɗai. Idan magada da yawa ne suka mallaki gidan tare, rashin sa hannun mutum ɗaya ya isa ya bar mai saye da abokin tarayya da bai taɓa gani ba. Kusa da wannan akwai gidan ma'auratan da suke tsakiyar rabuwa, musamman a jihohi tara, ciki har da Texas da Kalifoniya, inda dukiyar da aka samu cikin aure ta mutum biyu ce ko da sunan ɗaya ne a takarda.

Sai gidan da banki ya ƙwace ko wanda ake gwanjonsa saboda haraji, wanda akan sayar yadda yake ba tare da wani garanti ba. Da cinikin da babu dillali a ciki. Da sabon gini, inda lauyoyin kamfanin gini suka rubuta yarjejeniya don amfanin kamfanin. Da gidan da akwai 'yan haya a ciki. Da ginin kasuwanci. A New York akwai gidajen haɗin gwiwa, inda abin da mutum yake saye hannun jari ne a kamfanin da ya mallaki benen tare da takardar zama, kuma sai kwamitin ginin ya amince da shi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne cinikin biya kaɗan-kaɗan kai tsaye ga mai gida, inda takardar mallaka take zama a hannun mai sayarwa har sai an gama biya. Waɗanda banki ya hana lamuni, da baƙin da ba su daɗe a ƙasar ba, su aka fi tallata wa shi. A wasu jihohi mai saye zai iya biya shekaru, ya makara wata ɗaya ko biyu, a kore shi, kuɗinsa kuma su tafi. Kada a sa hannu a irin wannan takarda sai lauya ya karanta ta.

9. Kuɗi hannu zan biya, babu banki. Ba sai an fi sauƙi ba?

Ya fi sauri, amma kariyar ta ragu. Banki, saboda son kansa, yana tilasta a yi binciken mallaka da ƙiyasin darajar gida, kuma mai saye yana cin moriyar hakan. Idan babu banki, babu mai tilasta komai, sai abin da mai saye ya nema da kansa. Dukan abin da aka faɗa a amsa ta 7 ya koma wuyansa.

10. Me zai faru idan mai sayarwa ba mazaunin Amurka ba ne?

A nan wata dokar haraji ta 1980 mai suna FIRPTA take shigowa. Idan mai sayarwa baƙo ne a idon hukumar haraji ta IRS, dole ne a riƙe kashi 15 cikin 100 na farashin gida gaba ɗaya, ba na riba kaɗai ba, a aika wa hukumar cikin kwana 20 bayan ciniki. A gidan dala 400,000 da aka saya don sa haya, dala 60,000 ke nan. Akwai sassauci idan mai saye zama zai yi a ciki: ba a riƙe komai idan farashin bai wuce dala 300,000 ba, kuma kashi 10 ake riƙewa har zuwa dala miliyan 1. Abin da mutane ba su sani ba shi ne nauyin riƙewar yana kan mai saye, kuma idan bai yi ba shi hukuma za ta bi. Saboda haka ne ake sa mai sayarwa ya rantse a rubuce cewa shi ba baƙo ba ne. Mai katin zama na dindindin ba ya cikin baƙi a wannan doka.

11. Ni mai sayarwa ne. Ina buƙatar nawa lauyan?

Sau da yawa mai sayarwa ya fi mai saye buƙata, domin alkawuran da yake ɗauka suna bin sa bayan ya karɓi kuɗi. Takardar miƙa mallaka iri-iri ce. Akwai mai cikakken garanti, inda mai sayarwa yake ɗaukar alhakin duk wata matsala ta mallaka har wadda ta faru kafin ya sayi gidan. Akwai wadda take rufe zamaninsa kawai. Akwai kuma wadda yake cewa ya saki duk haƙƙin da yake da shi, in ma akwai, ba tare da wani alkawari ba. Sai batun bayyana aibi: mafi yawan jihohi suna sa mai sayarwa ya cike takardar aibobin da ya sani, dokar tarayya kuma ta wajabta sanarwa game da fentin da ke da dalma a gidajen da aka gina kafin 1978. Ɓoye aibin da aka sani yana daga cikin manyan dalilan ƙara bayan ciniki.

12. Ina so in sayi gida ta hanyar da babu kuɗin ruwa a ciki. Hakan yana canza wani abu?

Yana canzawa. Hukumar da ke kula da bankunan ƙasa ta amince da tsarin ijara (hayar da take kaiwa ga mallaka) a 1997 da na murabaha (banki ya sayi gida ya sayar wa mai saye da ribar da aka amince da ita) a 1999, kuma akwai kamfanoni masu tsarin haɗin gwiwa inda mai saye yake sayen kason kamfani a hankali. Takardunsu sun bambanta da na lamunin da aka saba, wani lokaci da kamfani ko amintacce a tsakiya. Ya kamata lauya ya duba sunan wa zai fito a rajista, ko za a biya harajin canjin mallaka sau biyu, da abin da zai faru idan an kasa biya. Hukuncin halascin tsarin kuwa na malamai ne, ba na lauya ba.

13. Wace takarda ce banki yake aikowa kwana 3 kafin zama?

Takardar lissafin ƙarshe ce mai shafi 5. Tun daga 3 ga Oktoba, 2015, ƙa'idar hukumar kare masu mu'amala da bankuna, CFPB, ta ce dole ta isa hannun mai karɓar lamuni aƙalla kwana 3 na aiki kafin ya sa hannu. A ajiye ta kusa da takardar ƙiyasi da aka bayar da farko a gwada layi bayan layi. Kada kuma a ɗauka akwai damar fasawa bayan sa hannu: damar janyewa ta kwana 3 da ake ji ta shafi sabunta lamuni ne a kan gidan da mutum yake zaune, ba sayen gida ba.

14. An aiko mini da imel cewa asusun da zan tura kuɗi ya canza. Me zan yi?

Kada ka tura. Wannan damfara ce da hukumar FBI ta daɗe tana gargaɗi a kanta: ɓarayi suna kutsawa cikin imel na dillali ko na ofishin lauya, su jira har ranar zama ta matso, sannan su aiko da saƙo mai tambarin ofishin da lambar asusunsu. Ka kira ofishin da lambar wayar da ka karɓa tun farko, ba wadda ke cikin saƙon ba, a karanta maka lambar asusu baki da baki. Wanda ya riga ya tura ya kira bankinsa nan take ya nemi a dawo da kuɗin, ya kuma kai rahoto ga FBI, domin a nan sa'o'i ake ƙirgawa, ba kwanaki ba.

15. Ba zan iya halartar zaman ba. Wani zai iya sa mini hannu?

Zai iya, da takardar wakilci, amma sai banki da kamfanin inshorar mallaka sun amince da ita tun da wuri, kuma sukan fi son wadda aka rubuta don wannan gida kaɗai. Wanda yake wajen ƙasar yana iya sa hannu a ofishin jakadancin Amurka. Jihohi da yawa yanzu sun yarda da shaidar sa hannu ta bidiyo, sai dai ba kowane banki yake karɓa ba.

16. Nawa ake biyan lauya, kuma ta yaya ake zaɓensa?

A cinikin gidan zama na yau da kullum, yawancin lauyoyi kuɗi ƙayyadadde suke karɓa, daga ɗaruruwan daloli zuwa 'yan dubbai, gwargwadon gari da wahalar aikin. Idan rigima ta taso sai a koma lissafin sa'a. A nemi takardar da ta bayyana abin da kuɗin ya ƙunsa: duba yarjejeniya, karanta sakamakon binciken mallaka, halartar zama, da abin da za a biya idan ciniki ya lalace a hanya.

Dole ne lauyan ya kasance mai lasisin jihar da gidan yake, kuma gidaje ne aikinsa na kullum. Lauyan shige da fice ko na haɗarin mota, komai ƙwarewarsa, ba fagensa ba ne. Ana iya duba lasisinsa da ko an taɓa ladabtar da shi a shafin ƙungiyar lauyoyi ko na kotun ƙolin jihar. Idan dillali ne ya kawo sunansa, babu laifi, amma a tambaya ko akwai alaƙar kasuwanci a tsakaninsu, domin dokar da aka ambata a amsa ta 7 ta haramta biyan la'ada don turo abokin ciniki a cinikin da lamunin gida ya shiga.